Ranar da Jita Ta Yi Ubangida

Shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori kowa ya sami abin yi, ban da makaɗan noma. Ni kuwa cikinsu nake. Gadon gidanmu ke nan: da damina ganga, mu bi manoma wurin gayya muna zuga su, da rani kalangu, mu bi mahauta da 'yan tauri. Sai ga katafila ta zo ta baje gonaki tun daga Maradun har Bakura, ta mai da su sumul kamar faifai. Na taɓa tsayawa gefen wata da gangata, na ɗan kaɗa mata taken wani gawurtaccen manomi, ko direban zai ji daɗi ya tuna da ni. Ya bula mini hayaƙi ya wuce. A ranar na gane katafila ba ta da kakanni, balle a yi mata kirari.

Ina cikin wannan zaman kashe wando wani ɗan garinmu ya dawo Talata Mafara daga Kaduna. Ubansa mai ɗinkin hula ne, amma shi kansa ya fi ƙarfin kowace hula, don gashi ya tara buzu-buzu kamar sheƙar shamuwa. Ga wando mai faɗin ƙafa yana sharar titi, ga takalmi mai dunduniya kamar turmi. Kamfanin dam ya ɗauke shi gyaran wuta a unguwar Turawa. Amma abin da ya kai shi Kaduna, kuma ya koro shi daga can, jita ce. Ba irin ta katako da ɗaliban makaranta ke kaɗawa ba. Tasa sai an soka mata waya an haɗa ta da lasifika, sannan ta yi kuka. Kiɗan nan ya ce sunansa rok, kuma nasa mai ƙarfin ne, ba na yara ba.

Ya same ni gindin durumin ƙofar gidanmu. Gaisuwar da ya yi mini ko ruwa ba za ta ishi mutum ya sha ba.

"Kawu, an ce kai ne mai kalangu. Zan kafa ƙungiya, za mu yi kaset. Na nemi gangunan Turawa ban samu ba."

"To madalla, ɗana. Wa za mu yi ma kiɗin?"

"Ba kowa."

"A'a, ina nuhin wa ad da shi? Ɗan kwangila na, ko wani babban direba?"

Sai ya zauna kan tushen durumi ya ba ni labari. A Kaduna yana cikin wata ƙungiya mai wasa a otal. Duk sadda ya kama jita ta fara zafi, sai wani Alhaji ya shigo, shugaban ƙungiya ya yi masa alama da hannu ya rage murya, don mawaƙi ya kira sunan Alhaji da na ubansa. Ranar da aka rage shi saboda wani dillalin taya, ranar ya naɗe wayarsa ya fita.

"Kawu, ni ba maroƙi ba ne," in ji shi, yana kallon maroƙi ido cikin ido. "Kiɗana ba na kowa ba ne. Na rantse ba zan sake rage jitata don wani mahaluki ba. So nake in ga mutum ko guda ɗaya wanda jita tsurarta za ta tayar wa tsigar jiki, ba don an kira sunan kakansa ba."

Na so in ji haushi, amma a lokacin cikina ya fi zuciyata baki. Na ce na shiga.

Na ukunmu wani mai walda ne, mutumin Bakura, mai kaɗa jita mai kaurin murya, wadda ke gurnani kamar bijimi ya hangi kishiyar garke. An ɗauke shi ne ba don ya iya ba, sai don yana da janareto da shago. Mai jita ya raɗa wa ƙungiya wani suna na Turanci wanda har yau harshena bai yarda da shi ba. Mutanen gari suka hutar da kowa, suka ce 'Yan Janareto.

Ranar ɗaukar kaset, wani Bature makanike mai son irin wannan hayaniya ya ara mana babbar rikoda. Muka shige shagon walda da tsakar rana, aka jingina katifu a ƙofa da taga don kada kukan awaki ya shiga. Ni dai da aka fara ban ga abin da kukan awaki zai ɓata ba. Mai jita ya rufe ido, ya gantsare, yana ihu da Turanci har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ce waƙar kukan manoma ce waɗanda ruwa ya cinye wa gonaki. Na ce ya kyauta. Waɗanda aka cinye wa gonakin ba sa jin Turanci, masu jin Turancin kuma su suka kawo ruwan.

Waƙar da ya fi ji da ita ita ce ta uku. A tsakiyarta jita kan hau, ta hau, ta yi wani siririn kuka mai tsawo, daga nan sai ta bar mini fili in yi ta'asa da kalangu, sannan kowa ya tsaya cak lokaci guda. Na kawo kiɗan noma, ya ce sanyi. Na kawo na 'yan mata, ya ce ba biki muke ba. Na kawo na mahauta, ya ce, "Kawu, ƙara wuta! Ba ka da abin da ya fi wannan?"

Ina da shi. Abu guda ya rage a hannuna, taken Baba mai rake.

Ga wanda bai sani ba, take kiɗa ne da ake yi wa mutum ɗaya, nasa ne shi kaɗai kamar sunan yanka. Baba mai rake tsohon ɗan tauri ne, irin waɗanda in sun tsuma suke gurza wuƙa a ciki ta lanƙwashe. Ubana ya ƙaga masa takensa tun suna samari, kuma a duk ƙasarmu babu kiɗa mai zafinsa. Amma Baba ya daɗe da tuba. Ya zuba layunsa a gulbi, ya koma noma wajen Maradun. Da ruwan dam ya haɗiye gonar, ya dawo Mafara yana fere rake a tasha, yana sahun gaba a masallaci. Ƙa'idar da ubana ya koya mini kuwa ita ce, ba a kaɗa take sai mai shi yana wurin. In ka kaɗa ya tsuma, kai ka ɗora shi, kai za ka sauke shi, da wani kiɗa mai sanyi da ake bi a hankali har jikinsa ya dawo nasa.

Sai da na tambaya. Na ce, "Ɗana, wanga kaset ina za shi?"

"Kaduna, Legas, daga can sai ƙasar Turawa. Kawu, kana tsammanin don mutanen garin nan nake wannan wahala?"

Na duba ƙofa, ga katifa. Na tuna Legas, ban san ɗan tauri ko ɗaya can ba. Na matse kalangu a hammata na sake shi. Mai jita ya buɗe ido ya yi tsalle har gashinsa ya taɓa kwano. Ya ce wannan shi ne rok, ashe tun tuni muna da shi ba mu sani ba.

Har hoto muka ɗauka na bayan kaset, mu uku a gaban katafila. Aka ara mini baƙin tabarau, aka ce kada in yi murmushi. Na fito kamar ɓarawon da aka kama da ganga.

Kaset ya je Kaduna a aljihun mai shi, ya dawo a aljihun mai shi. Legas ko ƙamshinsa ba ta ji ba. Bai gaya mana abin da aka ce masa can ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya dai kai wa mai sayar da kaset na bakin tasha ya ce a buga da yawa, mutanen gida su fara ɗanɗanawa kafin duniya ta farga. A lokacin kuwa duk leburan da ya karɓi albashin dam, rikoda yake fara saya kafin ya tuna da tuwo.

Ran Talata kasuwa ta cika, mai kaset ya sa namu a lasifika. Ni ina can rumfar mahauta ina kalangun neman tsoka, sai ga mutane a guje.

"Ɗan makaɗi, taho! Ka tsuma Baba ka gudu!"

Na iske tasha ta dare. Baba ya yaga rigarsa, idanu jajur, yana kuwwa yana gurza wuƙar fere rake a haƙarƙari. Ya karya ta gida biyu, ya fizge ta mai tsire, ita ma ya karya. Mata sun watsar da tallan fura. Kaset kuwa ya kai inda muka tsaya cak, ya wuce waƙa ta huɗu abinsa, ya bar tsoho a sama ba mai sauke shi. Na durƙusa gabansa na yi ta bin sa da kiɗan sanyi har ya zube zaune cikin ɓawon rake. Ya daɗe yana haki. Sannan ya jawo tsumman rigarsa ya rufe ƙirji, kamar wanda aka leƙa a makewayi.

"Ɗan makaɗi, ina ka ɓoye? Hannun ubanka ni ji."

"Baba, cikin akwatin can nike."

Ya dubi lasifika, ya dube ni. "To hito ka bar akwatin mutane."

Kafin wata Talatar, kaset ɗin 'Yan Janareto ya shiga kowace mota. Mai jita ya zo mini yana washe baki.

"Ka gani, Kawu? Na ce maka mutane za su waye."

Sun waye ƙwarai. Direba zai shigo tasha, ya daidaita motarsa kusa da tulin rake, ya murɗa rikoda, yaran mota su hau kan kaya suna jira. Baba ya koma Bakura wurin 'yarsa, ya tarar kaset ya riga shi. Ya gwada kasuwar Damri, mai shayi na da shi. Ya koma Maradun, leburori suka tarye shi da rikoda a kafaɗa. Ya cusa auduga a kunne, ya ce a banza, ta tafin ƙafa yake jin abin. Maƙera suka yi ta ƙera masa wuƙaƙe suna yi wa 'Yan Janareto addu'a. Ni kuma na zama motar kashe gobara. Ko ina cikin cin tuwo sai a zo a ɗora ni bayan babur, kalangu a wuya, a kai ni wani gari in sauke Baba.

An yi dariya, ni ma na yi, har da riƙe ciki. Mutumin da ruwa ya cinye wa gona ba a ga wanda ya taka ya je yi masa jaje ba, amma don a ga ya yaga riga har daga garin Kaya ake zuwa. A masallaci ya bar sahun gaba da kansa, ya koma can baya wurin takalma.

Mai jita bai farga ba sai ranar da ya shiga motar wani direba za shi Bakura. Direba bai san shi ba. Ya zaro kaset, ya soka masa biro yana juyawa. Mai jita ya tambaye shi me yake yi.

"Wuce hayaniyar nika yi," in ji direba. "Wani mahaukaci na ka yanka akuya da waya tun daga hwarko. Sai ka kai tsakiya kaka samun kiɗi."

Da yamma ya same ni gindin durumi. Wannan karon ko guntuwar gaisuwar ban samu ba.

"Kawu, na kore ka."

An kore ni daga aikin da ban taɓa ganin ko goronsa ba, amma sai da na ji zafi, don na fara sabawa da tabarau. Shi da mutumin Bakura suka koma bayan katifu suka sake ɗaukar kaset daga farko, babu kalangu ko ɗis. Dattawa kuma suka sa baki, sarkin tasha ya hana sa tsohon kaset a tasharsa, mai kaset ya yarda ya goge na wurinsa ya ɗora sabon. Aka aika wa Baba cewa ya dawo, an fitar da ɗan makaɗi daga akwati. Ya dawo ya kafa tulin rakensa inda ya saba.

Mai jita ya ce sabon kaset ba za a sake shi a ɓoye ba, shi da kansa zai kaɗa waƙoƙin a tasha, ido na ganin ido. Ran Talata bayan la'asar aka turo janareto a kura, aka ɗora lasifika kan teburin mai shayi. Ni ma na zo kallo, hannu rabbana, kalangu na rataye a ɗaki, tunda korarre ne ni.

Mutane sun taru da farko. Waƙa ta ɗaya suka jure. A ta biyu wasu suka tambaya yaushe za a fara. Da aka tabbatar musu ba kalangu, suka soma zamewa, har mai shayi ya ce a ɗan matsa masa da akwatin, ƙudan da ke kan burodinsa ma sun gudu. Mai jita yana gani. Ya rufe ido don kada ya ƙara gani, ya shiga waƙa ta uku da iyakar ƙarfinsa. Jita ta hau, ta hau, ta kama wannan siririn kuka mai tsawo.

Sai muka ji kuwwa daga wajen tulin rake.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, duk garin nan mutum ɗaya ne bai taɓa soka wa kaset ɗinmu biro ba. Duk inda Baba ya ji wannan kukan waya, ya san abin da ke biye da shi. Ya ji shi a Bakura, ya ji shi a Damri, ya ji shi a Maradun, har jikinsa ya daina jiran kalangu. Ga shi nan ya taso, riga ta riga ta tafi, yana gurza sabuwar wuƙa a cikinsa, ya nufo janareto.

Mai jita ya buɗe ido. Ban taɓa ganin fuska irin tasa ba. Rabinta ango, rabinta wanda kura ta leƙo wa ɗaki. Ga dai mutum guda da jita tsurarta ta tayar wa tsigar jiki, ba a kira sunan kakan kowa ba. Ga kuma mutumin yana zuwa da wuƙa. Mutumin Bakura ya ajiye tasa jitar ya haye kan wata tifa.

"Kawu! Kawu, sauke shi!"

"Da mi? An kore ni."

"Don Allah, Kawu!"

"Ko kalangun na nan ba ya jin nawa, ɗana. Ba ni niɗ ɗora shi ba. Wanda yaɗ ɗora shi ka sauke shi."

"Yaya ake yi?"

Na matsa kusa da kunnensa, na kutsa baki cikin wannan gashi, na fara yi masa kiɗan sanyi da baki. Ya bi ni da yatsu a kan jita. Baba na tsaye gabansa yana huci.

"Rage," na ce.

Ya dube ni.

"Rage murya, ɗana. Ba a sauke mutum da ihu."

Ya kai hannu ya murɗa. Na ce ƙara ragewa. Ya ƙara. Jitar nan da aka yi rantsuwa a kanta ta koma tana magana ƙasa-ƙasa kamar uwa na lallashin goyo, shi kuma ya durƙusa don ya ga idon tsohon, yana bin numfashinsa. Wanda dillalin taya ya kasa, mai rake ya yi. Tasha ta yi tsit, har direbobi. Sannu a hankali wuƙa ta sauka, Baba ya zauna. Ranar ce kaɗai na ga mutanen Mafara sun saurari jita, kuma da ƙyar ake jin ta.

Washegari da hantsi ina shagon walda, na je jin ko za a mai da ni aiki, sai ga Baba da sallama. Ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi janareto. Sannan ya ajiye damin rake, da jan zakara ɗaure da ƙafa, da wata tsohuwar riga saƙi mai ƙamshin adaka. Ya dubi mai jita, ya nuna ni da baki.

"Yaro, uban wanga ɗan banza ya yi mini kiɗi shekara da shekaru, bai taɓa sauke ni da daɗi irin jiya ba. Wanga kukan waya ya zama takena. Daga yau kai am makaɗina. Ga tukuicinka."

Mai jita ya buɗe baki. Na san abin da ke kan harshensa, na ji shi gindin durumi ranar da ya ce shi ba maroƙi ba ne. Ya dubi zakara, ya dubi tsohon da ya sa rigar aro ya zo, don nasa duk sun yage. Bai faɗa ba.

"Ƙa'ida kuma ka tambayi kawunka," in ji Baba. "Ba a kaɗa take sai mai shi na wurin. Ni kau ba ni zuwa. Na tuba."

Ya miƙa masa zakara. Mai jita ya sa hannu biyu ya karɓa, har da ɗan rusunawa, ban san inda ya koyo ta ba.

Haka kaset ɗin farko na 'Yan Janareto ya fita karo na uku, daga waƙa ta biyu sai ta huɗu. Shi da kansa ya je ya tsaya kan mai kaset har aka goge ta ukun. Wanda ya fita ba kalangu ba kukan waya, ban san wanda ya saya ba, sai dai Baturen nan makanike, shi ma ina jin kunya ce ta kama shi. Baba ya koma sahun gaba. Zakara mun ci shi a shagon walda, aka ba ni wuya da ƙafafu.

Da sallah na hangi mai jita a masallacin idi cikin rigar saƙi, gashin nan an danne shi da hular ubansa, tana zaune a sama kamar za ta tashi. Na ratsa mutane na je na ba shi hannu, na ce, "Barka da sallah, abokin sana'a. Ya ubangidanka?"

Ya ce, "Kawu, ko a filin idi sai na mare ka."

Sannan ya waiga ya duba ko akwai mai ji, ya ce Baba na nan lafiya, jiya ma ya aiko masa da rake.